Kwando Tara a Bakin Galma

Na je wa Dokta Barau da take mai faɗin daji:
"Yunwa a Afirka da Hanyoyin Magance Ta."
Ya cire tabarau, ya hura, ya goge da bakin riga.
Ya ce, "Saude, giwa kika jawo mini ofis.
Shafi goma sha biyar gare ki, a ina za ki ɗaure ta?
Je ki samo abin da hannu ɗaya zai ɗauka."

Na bar Samaru, kunya na ja mini zane.
Mota biyu na hau kafin Dakace.

Na tarar da Baba a bakin Galma,
kwanduna tara jere ƙarƙashin mangwaro,
tumatir ja wur,
motar Kudu kuwa tun shekaranjiya ake cewa ga ta nan.
Na ƙasa ya fara hawaye ta saƙar kwando,
ƙudaje sun zo ta'aziyya tun ba a mutu ba.
Baba bai ce uffan ba. Yana tsince masu rai,
yana watsa wa awaki saura,
har awakin suka ƙoshi suka juya baya.

Na zauna kan buhun taki,
na buɗe bayan littafin lacca.
Matsala, na rubuta, na ja layi biyu.
Cikin tara, uku sun tafi.
Ga abin da hannu zai ɗauka, har yana ɗiga.

Da dare aka ɗauke wuta.
Na kunna fitilar waya, na jingina ta da kwalbar man shafawa,
na yayyaga takarda ƙanana na baza a tabarma.
Wannan: wa abin ya ci, nawa ya ci masa?
Wannan: daga ina ruɓar take farawa?
Rana ce, ko kaifin kwando,
ko ramukan hanya, ko dillalin da ya iya jira
ya fi tumatir haƙuri?
Wannan kuma na waɗanda suka riga ni rubutu,
kowa da sunansa da shekararsa,
kada in shiga gonar mutum in fito da dami ba sallama.

Mafita uku suka yi sallama.
Ɗakin sanyi ya fara shigowa da babbar riga,
na dubi ƙwan lantarki da ya mutu a kaina,
na raka shi ƙofa.
Saura shanya bisa gadon kara, nesa da kwalta,
da akwatin roba mai huji a madadin kwando.

Inna na jina ta bayan labule.
"Robar, wa zai biya?"
Na so in yi kamar ban ji ba.
Sai na yagi wata takarda,
na shimfiɗa wa mai gardama tabarma a shafi na goma,
ya zauna ya faɗi tasa kafin in ba shi amsa.
Kammalawa na bari fari fat.
Ba a raɗa wa ciki suna.

Litinin Dokta ya bi tsarin da jan biro,
ya ɗauki kashi na huɗu ya kai gaban na uku.
"Kin ba da magani ba ki taɓa goshin mara lafiya ba.
Sauran ya tsaya. Fara."

Da na koma, Baba na wanke ƙafa a bakin rijiya.
Ya ce, "Takardar taki, za ta hana ruɓa?"
Na ce tukuna, dirkoki kawai aka kafa,
ba a ɗora zana ba.
Ya zuba sauran ruwan a gindin barkono.
Ya ce, "To, a hanzarta.
Fadamar ƙasa Alhamis za ta nuna."